Yadda Ake Taka Hanyar Gaɓar Teku ta Kudu Maso Yammacin Ingila Zango-Zango

A kudu maso yammacin Ingila akwai wata doguwar hanyar ƙafa da ake kira South West Coast Path, wadda ta tashi daga garin Minehead a Somerset, ta bi bakin teku ta ratsa arewacin Devon, ta kewaye Cornwall baki ɗaya, ta sake shiga Devon ta kudu, sannan ta tuƙe a South Haven Point, bakin mashigin ruwan Poole da ke Dorset. Tsawonta mil 630 ne, wato kilomita 1,014. Asalinta sawun masu gadin gaɓa ne, waɗanda suke sintiri a ƙafa don tare 'yan fasa-ƙwauri, kuma wannan ne ya sa ba ta yanke: duk wani lungu da ƙaramin jirgi zai iya laɓewa sai ta gangara ta leƙa shi, sannan ta sake hawa. An kammala ayyana ta cikin manyan hanyoyin ƙafa na ƙasa a 1978.

Ƙungiyar da ke kula da muradun hanyar, South West Coast Path Association, wadda aka kafa a 1973, ta raba ta zango 52, abin da ke nufin kusan kilomita 20 a kowace rana har tsawon mako bakwai da 'yan kwanaki. Ɗalibi ko ma'aikacin asibiti da ke zaune a Birtaniya da wuya ya sami irin wannan hutu, kuma mafi yawan waɗanda suka kai ƙarshenta ma a hankali suka ci ta, wasu cikin shekaru masu yawa. Wanda ya zaɓi wannan tsari ya sani tun farko cewa aikinsa bai tsaya ga ƙafa ba. Kowane zango yana da mashiga da mafita, kuma dole ne a daidaita su da jadawalin mota, da lokacin janyewar ruwa, da yawan hawan da ke tsakani.

Mataki na farko: yanke shawara a kan tsari da alkibla

Ka fara da lissafin lokacin da kake da shi da gaske. Idan za ka iya ware Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata daga Afrilu zuwa Oktoba, zango 14 ke nan a shekara, kuma za ka gama cikin kusan shekara huɗu. Idan kuwa kana nesa, a Manchester ko Glasgow misali, kuɗin jirgin ƙasa da tsawon tafiyar zuwa ba za su bari ka riƙa zarya kowane wata ba, don haka ya fi maka ka ɗauki mako guda sau biyu a shekara. Wanda bai saba doguwar tafiya ba ya rage tsawon zangonsa zuwa kilomita 12 ko 15, ko da adadin zangunan zai haura 70.

Littattafan jagora galibi daga Minehead suke farawa, teku na hannun damanka har ƙarshe, kuma bin wannan alkibla yana sauƙaƙa karanta bayaninsu. Sai dai babu dokar da ta ce sai ka bi zangunan a jere. A ganina kuskure ne sabon shiga ya ɗaure kansa da farawa daga Minehead, domin kwanakin farko a tuddan Exmoor suke, inda wuri mafi tsayi a duk hanyar yake, wato Great Hangman mai mita 318 kusa da Combe Martin. Gara ka gwada ƙafarka a wurin da ke da sauƙi da sufuri, kamar daga Exmouth zuwa Budleigh Salterton, ko shimfiɗaɗɗen yankin Barnstaple inda hanyar ta hau tsohon layin dogo, ko kuma gajeriyar tafiyar nan daga Penzance zuwa Marazion. Daga baya ka koma ka cike gurabun.

Mataki na biyu: auna zango da hawa

A nan ne yawancin mutane suke ruɗin kansu. Idan aka tara dukan hawan da ke cikin hanyar ya kai kusan mita 35,000, kusan ninki huɗu na tsayin dutsen Everest, alhali babu wani tsauni babba a cikinta. Abin da ke tara shi kwaruruwa ne: ƙorama ta fito daga cikin ƙasa ta yanka gaɓa, sai ka sauka har bakin ruwa ta matakala, ka tsallake 'yar gadar katako, ka sake hawa mita ɗari ko fiye, kuma kana kaiwa sama sai ka hango wani kwarin yana jiranka. Saboda haka kilomita 15 a wani wuri tafiyar safiya ce, a wani wurin kuwa yini ne cur.

Akwai ƙa'idar da wani ɗan Scotland mai hawan duwatsu, William Naismith, ya tsara a 1892, wadda har yanzu ake aiki da ita: ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Ɗauki zangon da ya fi kowanne suna wajen wahala, daga Hartland Quay zuwa Bude. Tsawonsa kusan kilomita 24 ne, hawansa ya haura mita 1,200, kuma kwaruruwan da ake sauka a hau sun kai goma. A lissafin Naismith awa bakwai ne, amma lissafin bai san da hutu ba, bai san da salla da cin abinci ba, bai kuma san cewa gangara mai santsi takan ci lokaci kamar hawa ba. Mai hankali ya ba shi awa tara, ko ya raba shi biyu a Morwenstow. Haka nan 'yar tazarar da ke tsakanin St Ives da Zennor, wadda ba ta fi kilomita 10 da ɗoriya ba, takan ba mutane mamaki, domin a wasu wurare sai an dafa manyan duwatsu da hannu, a wasu kuma ƙafa na nutsewa a taɓo.

Ka tuna kuma cewa allunan hanya da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Alamar da za ka riƙa bi a jikin turaku ita ce hoton wani ƙwallon itace mai siffar ƙwai a cikin ɗan ƙoƙo, alamar manyan hanyoyin ƙafa na Ingila da Wales.

Mataki na uku: nemo mafita kafin mashiga

Kada ka zaɓi inda za ka fara sai ka tabbatar da yadda za ka fita daga inda za ka tsaya. Babban layin jirgin ƙasa daga tashar Paddington a Landan yana bi ta Exeter da Plymouth zuwa Penzance, tafiyar awa biyar ko fiye, kuma daga jikinsa ƙananan layuka suke rassa zuwa bakin teku: daga St Erth zuwa St Ives, daga Truro zuwa Falmouth, daga Par zuwa Newquay, daga Liskeard zuwa Looe, daga Exeter zuwa Exmouth da kuma Barnstaple. Weymouth da Poole kuwa daga tashar Waterloo ake zuwa musu. Tsakanin Dawlish Warren da Teignmouth jirgin a gefen teku yake gudu, kafaɗa da kafaɗa da hanyar ƙafar, wanda ya sa wannan yanki ya fi ko'ina sauƙin shiryawa. Arewacin Cornwall shi ne akasin haka, domin Bude ba shi da tashar jirgi sam, Minehead ma bas ake hawa daga Taunton.

Dabarar da ta fi amfani ita ce ka hau motar da safe, ka tako da ƙafa zuwa masaukinka. Wato idan ka kwana a gari, ka shiga bas ɗin farko zuwa nesa, sannan ka dawo a ƙasa, ta yadda ko ka makara babu motar ƙarshe da za ta wuce ta bar ka a ƙauyen da babu tasi. Bas-bas na ƙauyukan nan kaɗan ne, wasu ba sa aiki ranar Lahadi, wasu kuma daga bazara zuwa farkon kaka kawai suke fitowa, don haka jadawalin da ka gani a watan Yuli ba hujja ba ne a watan Nuwamba. Ka duba shi a makon tafiyar, ka kuma ajiye lambar mai tasi na yankin a takarda. Tikitin jirgi idan an saye shi da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma katin rangwame na ɗalibai da matasa yana rage kashi ɗaya cikin uku.

Mataki na huɗu: koguna da cikar teku

A kudancin Cornwall da Devon bakunan koguna suna katse hanyar sau da yawa, kuma jirgin fito ne yake haɗa ta. Wasu jiragen duk shekara suke aiki, kamar na Fowey zuwa Polruan, na Cremyll zuwa Plymouth, na Dartmouth zuwa Kingswear, da na Padstow zuwa Rock a arewa. Wasu kuwa na lokacin baƙi ne kawai, irin na kogin Helford, na kogin Yealm, na kogin Avon zuwa Bantham, da na Starcross zuwa Exmouth, kuma a cikinsu akwai masu aikin sa'o'i ƙalilan a rana. Wanda ya iso bakin ruwa bayan an tashi, yana ganin ɗaya tsallaken da idonsa, amma sai ya yi zagayen kilomita masu yawa ta cikin ƙasa. Saboda haka zangunan da ke da irin waɗannan jirage a ajiye su tsakanin Mayu da Satumba. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi a aljihu, domin ba kowane mai ƙaramin jirgi ne yake karɓar kati ba.

Kogin Erme a kudancin Devon ba shi da gada a bakinsa, ba shi da jirgi. Ratsa shi ake yi da ƙafa tsakanin Mothecombe da Wonwell, kuma damar ba ta wuce awa ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa da awa ɗaya bayan haka. Teku takan cika sau biyu ta janye sau biyu a kusan kowace rana, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, don haka ranar da za ka yi wannan zango jadawalin ruwa ne zai zaɓa maka ita. Wanda ya saba lissafin watan Musulunci yana da 'yar riba a nan, domin cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a farkon wata da kuma tsakiyarsa, kuma a wannan yanki janyewar irin waɗannan ranaku galibi kusa da tsakar rana take faɗowa, lokacin da ya dace da mai tafiya. Wannan don zaɓen mako ne kawai. Ainihin sa'ar sai daga jadawalin tashar ruwa mafi kusa. Idan an tafka ruwan sama a daren jiya, ko ka ga ruwan ya wuce gwiwa, ka haƙura ka kira tasi. Ka tuɓe takalmin tafiya ka sa silifa mai maɗauri, ka kwance maɗaurin jakarka na ƙugu don ka iya yar da ita idan ka zame.

Duk inda taswira ta nuna za a iya yankewa ta kan rairayi, ka fara tambayar kanka ko ruwa cika yake ko janyewa. A gefen Minehead, bambancin cika da janyewa yana cikin mafi girma a duniya, kuma ruwan yakan zagayo ta bayan mutum kafin ya ankara.

Akwai kuma wani shinge da ba na ruwa ba. Gabas da Lulworth Cove a Dorset hanyar ta ratsa filin atisayen harbi na soja, wanda a cikinsa kufan ƙauyen Tyneham yake, da aka tashi mutanensa a 1943. Ana buɗe shi a yawancin ranakun Asabar da Lahadi da wasu lokutan hutu, kuma ana wallafa ranakun. Idan ka shiga, ka tsaya tsakanin turakun rawaya, kada ka taɓa wani ƙarfe da ka gani a ƙasa.

Mataki na biyar: lokaci da kaya

Mayu, Yuni da Satumba su ne watannin da suka fi daɗin tafiya. A Yuli da Agusta makarantu na hutu, masauki yana tsada, ƙananan garuruwa kuma sun cika maƙil. A tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, a Disamba kuwa kafin huɗu da rabi na yamma ta faɗi, don haka zangon hunturu ya zama gajere, a wurin da ba shi da gaɓa mai zurfi. Ka duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, da safe, ka fi mai da hankali ga ƙarfin iska a kan ruwan sama, domin ruwa jiƙa ka kawai zai yi, iska kuwa a kan gaɓa tana iya ture mutum.

Game da kaya, takalmi ne kan gaba: mai kauri a tafi, mai riƙe ƙasa, wanda ka riga ka taka shi makonni a gida har ya saba da ƙafarka. Ka sa safar ulu, ka guji ta auduga, domin auduga na riƙe gumi kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa ita ce ke yin bororo. Da ka ji wani wuri ya fara zafi a dunduniya, ka zauna nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai gari. Sai rigar ruwa da wandonta, rigar ɗumi ko da rana na haskawa, ruwan sha lita biyu, tocila, da sanda biyu ko ɗaya don sauƙaƙa wa gwiwa a gangara. Taswirar Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, mai ma'aunin 1:25,000 ita ce take nuna kowane shinge da kowace ƙorama. Ka sauke ta a waya tun kana gida, ka kuma riƙe ta takarda, domin a cikin kwaruruwa sau da yawa babu sabis. Amfanin tafiya zango-zango ke nan: jakarka ba za ta fi ta yini ɗaya ba.

Mataki na shida: masauki, abinci da salla

Kafa tanti a inda ka ga dama a kan wannan hanya ba halal ba ne a dokar Ingila sai da izinin mai fili. Abin da ake da shi shi ne filayen tanti na haya, ɗakunan kwanan matafiya na YHA, ƙungiyar masaukan matasa, da gidajen da ake ba da ɗaki haɗe da karin kumallo. Wasu daga cikin gidajen ba sa son baƙon dare ɗaya a lokacin cunkoso, wanda ya ƙara ƙarfafa shawarar ka zauna a gari ɗaya kwana biyu ko uku kana fita da bas.

Naman halal a ƙauyukan gaɓa ba abin dogaro ba ne, sai a birane irin su Exeter da Plymouth, inda masallatai ma suke. Kifi da soyayyen dankali yana ko'ina, amma ka tambaya ko an sa giya a ƙullun da aka tsoma kifin, da kuma irin man da aka soya shi. Sanannen burodin Cornwall mai cushe, wanda ake kira pasty, yana da nau'in cuku da albasa, sai dai wasu masu gashi da kitsen alade suke kwaɓa fulawar, don haka shi ma a tambaya. Dabino da gyaɗa a jaka suna rufa asiri a zangon da babu shago. Alkibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas, ta fi karkata ga gabas. Ka riƙe 'yar sallaya marar nauyi da ruwan alwala daban, ka zaɓi wuri nesa da bakin gaɓa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ya danganta da nisan da ka yi daga gida da kwanakin da ka yi niyyar zama, kuma gara ka warware shi da malaminka kafin ka fita.

Mataki na bakwai: a kan hanya

Ka bar wa wani sunan zangon da za ka yi da lokacin da kake sa ran isowa. Kada ka matsa bakin gaɓa don ɗaukar hoto, domin sau da yawa ciyawa ce kawai a sama, ƙasan ya riga ya zaizaye, musamman a gaɓar Dorset da gabashin Devon da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, inda zaftarewar ƙasa ba baƙon abu ba ne. Idan ka tarar an karkatar da hanya, ka bi karkatarwar. Tsakanin Axmouth da Lyme Regis akwai kurmi mai tsawon kusan kilomita 11 wanda babu mafita a tsakiyarsa, ko ta teku ko ta tudu, saboda haka kada a shige shi da yamma. A yammacin Cornwall, wajen Botallack da Levant, za ka wuce tsofaffin ma'adinan kuza da tagulla, kuma akwai ramukan haƙa a cikin ciyayi, don haka kada ka kauce wa sawu.

Gonakin da hanyar ta ratsa mallakar mutane ne. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta, kuma saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta fili, kada ka shiga tsakaninsu. Da dare ka duba ƙafafu da bayan gwiwa ko kaska ta kama ka, domin tana ɗauke da cutar Lyme. A cire ta da ɗan matsi, a miƙe, ba tare da an murɗe ko an ƙona ta ba. Idan hatsari ya auku a gaɓa ko a ruwa, ka buga 999 ka ce "Coastguard", wato masu ceto na gaɓa, kada ka bi wanda ya faɗa don ceto shi da kanka.

Mataki na takwas: riƙe lissafi da haɗa zangunan

Wanda yake tafiya a rarrabe yana bukatar littafi. Bayan kowane zango ka rubuta ranar, ainihin wurin da ka tsaya, ko tashar bas ce ko bakin gada, da awannin da ka ci, sannan ka ja jan layi a babbar taswira. Daga wannan wurin za ka ɗora idan ka dawo, in ba haka ba sai ka wayi gari da 'yan gurabu na kilomita biyu ko uku a warwatse, waɗanda cike su ya fi tsada a kan zango cikakke. Awannin da ka rubuta kuma su ne za su gyara maka lissafin Naismith ya dace da ƙafarka. Ƙungiyar hanyar tana sayar da ɗan littafin da ake buga wa hatimi a shaguna da masaukai, tana kuma ba da takardar shaida ga wanda ya kammala. A ƙauyen Porthallow akwai allon da ke nuna tsakiyar hanya, mil 315 ta kowane gefe.

Ko da ka bi zangunan ba a jere ba, ka ajiye na Swanage zuwa South Haven Point ya zama na ƙarshe. Yana bi ta fararen duwatsun Old Harry, sannan ya sauka rairayin Studland, kuma ya kamata ka sani cewa an keɓe wani sashe na wannan rairayi ga masu zama tsirara, da alluna a farkonsa. Wanda ba ya so ya ratsa shi yana iya bin sawun da ke bayan tuddan yashi. Daga alamar ƙarshe, jirgin fito yana tsallakar da mutane zuwa Sandbanks cikin 'yan mintuna, inda ake samun bas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Bournemouth ko ta Poole.